Jinyar Umma bayan karayar ƙugu

Talata, 9 ga Janairu, 2024

Umma tana kwance a ɗakin mata na sashen ƙashi tun daren Asabar. Na ga ya fi sauƙi in riƙa rubuta halin da ake ciki a wuri guda maimakon maimaita bayani ɗaya ga duk wanda ya bugo waya, musamman saboda su Gwaggo da ke Maraɗi, waɗanda rufe iyakar da aka yi bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin bara ya hana su zuwa dubiya.

Santsi ne ya kwashe ta a banɗaki lokacin da ta shiga alwalar isha'i. Faɗuwar ba ta kai a ce wani abu ba ce, amma ta kasa tashi, kuma da aka ɗauko ta sai muka ga ƙafar hagu ta ɗan gajarce, tafin ya kwanta ya juya waje. Hoton da aka ɗauka ya nuna cewa wuyan ƙashin cinya ne ya karye, wato ɗan siririn wurin da ke haɗa dogon ƙashin da dunƙulallen kansa mai shiga cikin gurbin kwatangwalo, kuma ƙashin ya goce daga mazauninsa. Shekarunta 74, tana da hawan jini da ciwon sukari.

Tun ranar Lahadi Kawu yake cewa a mayar da ita gida a kira mai ɗori, domin a cewarsa asibiti ba su san komai ba sai yanka, kuma shi kansa ɗorin gida aka yi masa a hannu yana yaro ya warke sarai. Ban raina maganarsa ba, don kuwa babu gidan da ba a taɓa kiran mai ɗori ba a unguwarmu. Sai dai bayanin likitan ƙashi ya gamsar da mu. Karayar hannun yaro tana kusa da fata, ana iya jan ta a daidaita a ɗaure da kara. Wannan kuwa tana can cikin gaɓa, tsoka mai kauri ta rufe ta, babu karan da zai riƙe ta. Abu mafi muhimmanci shi ne jijiyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin ta jikin wuyan suke bi, saboda haka idan wuyan ya karye ya goce, sau da yawa jinin yakan yanke, kan ƙashin ya mutu a hankali ko da an haɗa shi. Shi ya sa ga mai shekaru irin nata ba a ɓata lokaci wajen haɗawa, cire kan ake yi a sa na ƙarfe. Likitan ya ƙara da cewa doguwar kwanciya ita ce ta fi kashe tsofaffi bayan irin wannan karaya, ta hanyar ciwon huhu da gyambon kwanciya da daskarewar jini a ƙafa. Kawu bai ce ya yarda ba, amma ya daina maganar.

Laraba, 10 ga Janairu

An sa ranar tiyata gobe. Likitan ya gaya mana cewa abin da aka fi so shi ne a yi aikin cikin kwana ɗaya ko biyu da karaya, amma sukarin Umma ya hau sosai saboda zafin ciwo, sai da aka koma yi mata allurar insulin kafin ya sauka, sannan gwaji ya nuna jininta bai kai yadda ake so ba. An nemi mu tanadi leda biyu ta jini. Yaya Babba da ɗan maƙwabcinmu ne suka bayar, Allah ya saka musu da alheri.

An ba mu zaɓi tsakanin ƙarfe iri biyu. Akwai tsohon samfuri da ake kira Austin Moore, sunan likitan Amurka da ya ƙirƙiro shi, wanda ya fi araha, akwai kuma mai kai biyu, wanda ƙaramin kai ke juyawa a cikin babba. Likitan ya ce tunda Umma mace ce mai zirga-zirgarta kafin faɗuwar, ya fi son na biyun, kuma zai kafa shi da simintin ƙashi domin ta iya taka ƙafar da wuri. Mun amince. Kuɗin kuwa karo-karo muka yi, domin inshorar lafiya ta ma'aikatan gwamnati da Yaya Babba ke ciki shi da matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 ta ɗauka, iyaye ba sa ciki kai tsaye. Ga shi kuma farashin magunguna da kayan aiki ya tashi ƙwarai tun da darajar naira ta faɗi.

Alhamis, 11 ga Janairu

Alhamdu lillahi, an yi aiki lafiya. An shiga da ita da hantsi, an fito da ita bayan azahar. Ba a sa ta barci gaba ɗaya ba, allura aka yi mata a gadon baya wadda ta kashe jiki daga cibiya zuwa ƙasa, kuma ta ce tana jin ƙarar kayan aikinsu da hirarsu amma ba ta jin zafi. Ta fito da robar fitsari, da ƙarin ruwa a hannu, da wata siririyar roba da ke fitar da jinin da ya taru a wurin aikin. An sa matashi a tsakanin ƙafafunta, an kuma gargaɗe mu da kada mu cire shi ko da ta roƙa. An ƙara mata leda ɗaya ta jini da yamma.

Juma'a, 12 ga Janairu

Yau ne muka fara fahimtar cewa jinyar ba irin wadda muka saba ba ce. Da safe ma'aikaciyar sashen gashi, wato masu gashin ƙashi da koyar da motsa jiki, ta zo ta ce za a tayar da Umma zaune a bakin gado. Inna Ƙarama, wadda ta kwana tare da ni, ta miƙe tsaye ta ce, “Haba 'yar nan, jiya-jiya aka yanka baiwar Allah, ku bar ta ta huta mana.” Ma'aikaciyar ta amsa cikin ladabi cewa, “Mama, hutun ne muke gudu, ki yi haƙuri ki kama mini kafaɗarta.” Aka tayar da ita. Jiri ya ɗebe ta, ta yi salati, gumi ya karyo mata duk da sanyin hunturun da ake yi, amma ta zauna na ɗan lokaci kafin a mayar da ita.

A al'adarmu, nuna ƙauna ga maras lafiya shi ne a hana shi motsi, a miƙa masa komai har bakinsa, a ce masa ya kwanta kada ya wahalar da kansa. A wannan ciwon kuwa hakan cutarwa ne, kuma ina ganin shawo kan 'yan'uwa a kan wannan zai fi shawo kan Umma wuya. An koya mata motsa idon sawu sama da ƙasa, da matse tsokar cinya ta saki, da jan dogon numfashi tana yin tari don huhu ya buɗe. An kuma fara yi mata wata ƙaramar allura a fatar ciki, enoxaparin, sau ɗaya a rana, don hana jini daskarewa, kuma an ce za a ci gaba da ita har kimanin wata guda.

Lahadi, 14 ga Janairu

Daren jiya shi ne mafi tsanani tun da muka zo. Jiya da rana Umma ta miƙe tsaye a karon farko, tana dafe da ƙarfen tafiya mai ƙafa huɗu, har muka yi ta murna. Amma bayan magariba sai ta fara magana ba kan gado. Ta ce in je in duba tukunyar da ta ɗora kada ta ƙone, ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun muna yara, sannan cikin dare ta nemi fizge robar ƙarin ruwa tana cewa za ta tafi gida. Duk wanda ya san Umma da natsuwarta da kunyarta zai gane irin tashin hankalin da muka shiga. Wata mai jinya a gadon kusa ta ce mana iska ce, asibiti ba ya rasa su, wata kuma ta ce allurar baya ce ta taɓa mata ƙwaƙwalwa.

Likitan da ke kwana ya zo ya duba ta, ya ce wannan ruɗewa ce da ke yawan samun tsofaffi bayan karayar ƙugu da tiyata, ba hauka ba ce, kuma galibi takan wuce idan an gano abin da ya tayar da ita. Ya lissafa abubuwan da ke jawo ta: zafin ciwo, ƙarancin jini ko ruwa a jiki, hawa ko faɗuwar sukari, ƙwayoyin cuta a fitsari ko huhu, rashin barci, baƙon wuri, da wasu magungunan kashe zafi. An auna sukari an ga daidai yake, an ɗauki fitsari da jini, an rage tiramadol ɗin da ake ba ta, an cire robar fitsarin da safe tunda ba ta da sauran amfani. Ya ba mu namu aikin: mu kawo mata tabaranta, mu riƙa gaya mata ranar da ake ciki da inda take, mu buɗe labule da rana, mu rage hayaniya da dare, kuma fuskar da ta sani ta kasance kusa da ita koyaushe. Mun ci gaba da yi mata addu'o'in da muka saba, babu wanda ya hana, kuma na lura karatun Alƙur'ani a hankali daga waya yana kwantar mata da hankali fiye da lallashinmu.

Talata, 16 ga Janairu

Gwajin ya nuna ƙwayoyin cuta a fitsari, an fara ba ta maganinsu. Hankalinta ya dawo sosai, sai ɗan ruɗewa da yamma. Ba ta tuna komai na daren Asabar ba, mu ma mun yi shawarar kada kowa ya ba ta labari.

Alhamis, 18 ga Janairu

'Yan dubiya sun yi yawa, kuma wannan magana ce mai nauyin faɗa, domin zumunci ne ya kawo su, wasu daga nesa, da kuɗin motar da ya ninka tun da aka cire tallafin mai. Sai dai Umma ba ta iya kwanciya tana ganin baƙo, dole sai ta amsa kowace gaisuwa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta ce “da sauƙi” ko da babu sauƙin. Idan masu gashi suka zo sai su tarar ta gaji. Mun roƙi Yaya Babba ya tsaya a waje ya riƙa karɓar mutane, a shigo kaɗan-kaɗan bayan la'asar. Muna neman afuwar duk wanda bai samu ganinta ba.

Sai batun abinci. Kwanukan da ake kawowa yawanci kunu ne mai sukari da farfesu da lemon kwalba, alhali mai ciwon sukari ce, kuma hawan sukari yana hana rauni warkewa. Abin da aka ce ta fi buƙata shi ne mai gina jiki: ƙwai, kifi, wake, nama, nono marar sukari, da ganye irin su zogale da alayyafo. Ta kuma yi fama da taurin bayan gida saboda kwanciya da magungunan zafi, ga kunyar amfani da fo a ɗakin da ke cike da mutane, har ta riƙa rage cin abinci da shan ruwa da gangan don kada buƙatar ta taso. Da muka gane, muka samo kujera mai fo muka kewaye ta da labule, aka kuma ba ta maganin sassauta ciki.

Abin da ya fi damun ta duk da haka shi ne salla. Taimama take yi da ɗan dutsen da muka ajiye a gefen gado, tana salla da ishara, amma zuciyarta ba ta kwanta ba sai da limamin unguwarmu ya zo ya tunatar da ita hadisin Imrana ɗan Husaini, cewa mutum ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa.

Asabar, 20 ga Janairu

Ta yi tafiya da ƙarfen daga gadonta har ƙofar ɗaki ta dawo. Tsarin da aka koya mata shi ne ta fara tura ƙarfen gaba, sai ƙafar da aka yi wa aiki, sannan mai lafiyar. Da aka buɗe bandeji don wankin ciwo an ga ɗan ruwa-ruwa a ƙasan ɗinkin, amma babu wari, babu mugunya, babu zazzaɓi, kuma likita ya ce a sa ido kawai. Diddigenta na hagu ya yi ja, alamar gyambon kwanciya na neman farawa, don haka yanzu ana sa matashi a ƙarƙashin sha-raɓa domin diddigen ya rataya bai taɓa katifa ba.

Litinin, 22 ga Janairu

An fara maganar sallama, kuma yau babbar ma'aikaciyar gashi ta zaunar da mu ta yi mana bayanin dokokin da Umma za ta kiyaye na tsawon mako 6 zuwa 12, har tsokar da aka ratsa ta baya ta warke ta riƙe sabon ƙarfen. Kada ta lanƙwasa ƙugu fiye da digiri 90, ma'ana idan ta zauna gwiwarta kada ta fi ƙugunta tudu. Kada ta harɗe ƙafafu. Kada ta murɗa ƙafar zuwa ciki. Idan aka saɓa, kan ƙarfen yana iya fita daga gurbinsa, sai an koma ɗakin tiyata a mayar.

Da na koma gida na dubi ɗakinta da wannan ido, sai na ga kusan duk rayuwar Umma a ƙasa take. A kan tabarma take cin abinci, a kan darduma take lazimi tun daga asuba har hantsi, katifarta a ƙasa take domin ta daɗe da cewa gado yana sa mata ciwon baya, kujerar da take zama a tsakar gida 'yar tsuguno ce, masan gidan ma na tsuguno ne, kuma a durƙushe take wanka da alwala. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da dokokin suka bari. Takardar da aka ba mu mai zane-zane an yi ta ne don gidan da ke da gado mai tsawo da teburin cin abinci, don haka sai da muka zauna da ma'aikaciyar muka bi al'amuran gidanmu ɗaya bayan ɗaya. An dawo da gadonta na da, kafinta ya ƙara masa tsawo. An samo kujera mai tauri mai hannu biyu, don kujerun falo masu laushi nutsewa ake yi a cikinsu. Mai gyaran famfo zai sa masai na zama ya kafa ƙarfen dafawa a bango, kuma za a shimfiɗa roba mai hana santsi a inda ta faɗi. An naɗe ledar tsakar ɗakin da gefenta ya tashi, an sa fitila mai caji a hanyar banɗaki saboda ɗauke wuta. Wankin ƙafa a alwala da sa safa kuwa wani ne zai riƙa yi mata.

Alhamis, 25 ga Janairu

An cire ƙusoshin ɗinkin, raunin ya kame, ruwan da ya tsorata mu ya tsaya da kansa. An sallame mu bayan azahar. An koya mini yin allurar ciki, an kuma gaya mana alamun da za su sa mu dawo ba tare da jiran ranar asibiti ba: kumburi da zafi a sha-raɓa, sarƙewar numfashi ko ciwon ƙirji, zazzaɓi, ruwa daga raunin, ko ciwo mai tsanani farat ɗaya tare da gajarcewar ƙafa. A kujerar gaba ta mota aka sa ta, an tura kujerar baya an ɗora matashi, domin adaidaita sahu ba zai yiwu ba.

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Komawa gida ya zo da koma baya kaɗan. A asibiti akwai masu farin kaya da take jin nauyinsu, a gida kuwa 'ya'yanta ne da jikoki, kuma ba ta ganin dalilin da zai sa mu ba ta umarni. Tsoron sake faɗuwa ya kama ta ƙwarai, har takan ce a kawo mata fo ɗaki maimakon ta taka zuwa banɗaki, jikokin kuma suna rige-rigen yi mata hidima. Na ce mata, “Umma, ki yi mini haƙuri, likita ya ce ƙafar da ba a taka ta ba ita ce ke mutuwa.” Ta ce ai ta ga alama na zama likita ni ma. Duk da haka ta tashi. Mun tsara cewa bayan kowace salla za ta zagaya tsakar gida, tunda lokutan salla ba sa wuce ta, kuma wannan ya fi agogo aiki. Ƙafar takan kumbura da yamma ta saɓe da safe, an ce hakan ba abin damuwa ba ne muddin babu zafi.

Alhamis, 22 ga Fabrairu

Mun koma ganin likita. Sabon hoto ya nuna ƙarfen yana zaune daram. An ba ta izinin fara amfani da sanda a cikin gida, ta riƙe ta a hannun dama, wato ɓangaren ƙafa mai lafiya, abin da ya ba mu mamaki domin da hagu muka zata. Tana ɗan ɗingishi, likitan ya ce raunin tsokar gefen ƙugu ne, atisaye zai rage shi. Ya ce a ci gaba da kiyaye dokokin nan har cikar wata uku.

Ya kuma ja hankalinmu ga abin da ba mu yi tunani ba. Mutum mai ƙarfin ƙashi ba ya karyewa don ya zame daga tsaye, don haka karayar kanta shaida ce cewa ƙasusuwan Umma sun yi laushi, kamar yadda yake faruwa ga mata da yawa bayan ɗaukewar al'ada, kuma wanda ya karye sau ɗaya ta wannan hanya yana cikin haɗarin karyewa a ɗaya ɓangaren. An rubuta mata sinadarin kalsiyam da bitamin D, an ce ta riƙa zama a hantsi, za a kuma duba yiwuwar ba ta maganin ƙarfafa ƙashi bayan gwajin ƙoda. An tura mu asibitin ido, domin ya lura da yanar da ta fara rufe mata idon dama, kuma rashin gani sosai yana cikin manyan dalilan faɗuwar tsofaffi.

Lahadi, 10 ga Maris

Ana sa ran ganin watan Ramadan yau da daddare, kuma Umma ta dage sai ta yi azumi. Ta fuskar ƙafa likitan ƙashi bai ga matsala ba, amma likitan sukari ya ce bana ta haƙura, saboda awon nata bai daidaita ba tun da aka sauya mata magani a asibiti, kuma jirin da faɗuwar sukari ke kawowa yana iya sake kayar da ita. Ta karɓi maganar da ƙyar bayan liman ya yi mata bayanin rangwamen da aka yi wa maras lafiya. Tarawihi za ta yi a gida a kan kujerarta, ba tare da sunkuyawa sosai ba.

Yanzu tana zuwa banɗaki da kanta da sanda, tana fita har zaure, amma ba ta fara hawa matakala ba, kuma ba a yarda ta yi wanka babu kowa a kusa ba. Gashi ya koma sau ɗaya a mako. Ranar ganin likitan ido ta faɗo a makon gobe, ta likitan ƙashi kuma bayan salla, inda za mu tambaye shi ko akwai lokacin da za ta iya komawa yin sujada a ƙasa, domin ita ce tambayar da take yi mana kullum.